WAƘA A BAKIN MAI ITA: MAGANAR GIDAN TARIHIN DAMARGU

Zuwa ga rassan jam'iyya na Tanut, Belbeji, Gangara, Olelewa, Bakin Birji, Falanko da Tanhiya. A karanta wannan takarda a gaban taro, a kuma fassara wa wanda ba ya jin Hausa.

Ƴan'uwa, yau muna so mu tayar da wata magana wadda mun san wasu za su yi mata dariya tun ba su ji ƙarshenta ba. Za su ce, "Haba! Ana ta hatsi da ruwan sha, me ya haɗa jam'iyya da tsohon sirdi da fasasshiyar ƙwarya?" To, a saurara. Mutumin da aka ƙwace wa gona ya san an cuce shi, yana iya kai ƙara. Amma wanda aka ƙwace wa labarinsa, aka ba da shi a bayan idonsa, aka kuma koya wa ƴaƴansa shi yadda aka ga dama, wannan an cuce shi bai ma sani ba. Gidan tarihi, watau abin da ake ce wa muze, ɗaya ne daga wuraren da ake yin wannan aiki. Saboda haka lalle ne mu san yadda ake shirya shi, da kuma wanda yake shirya shi.

YADDA AKA BI TA KANMU

Damargu ba lungu ba ce. Tun da daɗewa nan ne rumbun Abzin, nan ayarin gishirin Bilma da Fashi ke sauke kantu ya ɗauki gero, nan kuma fataken Tarabulus ke ratsawa zuwa Damagaram da Kano. Duk Baturen da ya keto hamada ta wannan hanya sai ya sha ruwan rijiyoyinmu.

A watan Janairu na 1851, a Tagelel ta Damargu ne Baturen nan Richardson ya rabu da abokan tafiyarsa, Barth da Overweg, bayan sun zo cikin ayarin Annur, shugaban Kel Owe. A ƙarshen 1899 rundunar Foureau da Lamy ta ratsa mu da bindigogi zuwa Damagaram, ƴan watanni bayan yaƙin Tirmini da kisan Sarki Amadu Kuran Daga. A 1905 kuma Foureau ya buga manyan littattafai a kan abin da suka auna, suka tattara a hanya. A 1920 wani mutumin Sikotilan, Angus Buchanan, ya zo dajinmu yana harbin tsuntsaye da namun daji domin gidan tarihin Lord Rothschild da ke Tring a Ingila. A 1921 Rothschild ya raɗa wa wata irin babbar barewa sunan ƙasarmu da Latinanci, watau damergouensis. A 1932 kuwa aka sayar da tarin tsuntsayen Rothschild ga wani gidan tarihi na New York.

To, jama'a, ku duba. Sunan Damargu yana cikin littattafan masanan Turai, fatun namun dajinmu suna cikin akwatunansu. Ita barewar kuwa ta kusa ƙarewa, a ƙasarmu sai ƴan kaɗan da suka rage wajen Tarmit da Abzin. Yaron lakwal na Tanut a ina zai ga abin da aka rubuta a kan ƙasarsa? Wa ya ja raƙuman waɗannan baƙi, wa ya nuna musu rijiya, wa ya bi musu sawun jimina? Mutanenmu ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ƊAKIN DA AKA GINA DOMIN A KALLE MU

Kada wani ya zaci gidajen nan an gina su ne don ƙaunarmu. Tare da mulkin mallaka suka girma, hannu da hannu. A 1897, a Tervuren ta ƙasar Beljiyam, an kawo mutanen Kwango 267 aka zaunar da su cikin bukkoki ana zuwa kallonsu, har bakwai daga cikinsu suka mutu a can. A 1931 aka yi babban baje kolin ƙasashen mallaka a Paris, miliyoyin mutane suka shiga kallo. A wannan shekara ce kuma Marcel Griaule ya tashi da ayarinsa daga Dakar zuwa Jibuti, ya koma a 1933 da kaya fiye da 3,000. Marubucin ayarin, Michel Leiris, shi da kansa ya bayyana cikin littafinsa na 1934 yadda suka raba mutane da kayan ibadarsu ta hanyar tsoratarwa a ƙasar da yau ake kira Mali.

A watan Nuwamba na 2018, Felwine Sarr na Senegal da Bénédicte Savoy ta Faransa suka miƙa wa shugaban Faransa rahoto, inda suka ce akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara kimanin 90,000 a gidajen tarihin gwamnatin Faransa, kuma kimanin 70,000 daga ciki suna gida ɗaya, watau Quai Branly na Paris. A watan Nuwamba na 2021 aka mayar wa ƙasar Benin kaya 26 na fadar Abomey, waɗanda sojan Faransa suka kwashe a 1892. Ashirin da shida! Ku lissafa da kanku.

Amma maganarmu ta yau ta wuce lissafi. Ku dubi yadda aka shirya shi gidan na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, Jean Nouvel ne kuwa ya zana shi. Mai kallo sai ya ratsa lambu mai duhuwa, ya bi wata doguwar hanya mai lanƙwasa, sa'an nan ya faɗa cikin ɗaki mai duhu-duhu inda fitila ke haska kowane abu shi kaɗai cikin gilashi. Me wannan shiri yake faɗa wa baƙo tun bai karanta ko harafi ɗaya ba? Yana ce masa, "Ka bar birni, ka shigo daji, ka bar rana, ka shigo dare." Gini ma yana magana, jama'a. Bango da fitila da ƙofa duk suna da bakinsu.

Sa'an nan ga ƴar takardar da ake liƙawa a gefen kaya. A gidajen zanen Turawa ba a rataya hoto sai da sunan wanda ya zana shi, da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa. Amma sau da yawa in an zo kan jakar fata ko garkuwar mariri ta ƙasarmu, sai ka ga sunan ƙabila kawai, da sunan Baturen da ya kawo ta. Matar da ta jeme fatar, ta rina, ta ɗinka, ba ta da suna ke nan? Maƙerin da ya ƙera takobin daga sama ya faɗo? Wanda ya ɗauka ya sami suna, wanda ya yi ya rasa.

Abu na uku shi ne rarrabawa. Masanan mulkin mallaka sun saba jera mu ƙabila ƙabila: ga akwatin Abzinawa, ga na Hausawa, ga na Barebari, ga na Fulani, kamar yadda kumandan yake jera mu cikin littafin haraji. Wanda ya san kasuwar Tanut ko ta Belbeji ya san wannan shiri ƙarya yake yi. Gero na manomi Badagire ko Bahaushe, raƙumin da ya ɗauke shi na Ba'abzine, nonon da aka dama furar da shi na Bafillatana, tiyar da aka auna shi kuwa ta kowa da kowa ce. Abin da kasuwa ta haɗa, gilashi ya raba. Wanda kuwa ya raba mu a kan bango, gobe ba zai sha wuyar raba mu a ƙasa ba.

LAIFI TUDU NE

Kada mu taka namu mu hango na wani. A Yamai muna da gidan tarihi na ƙasa tun 1959, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Bubu Hama, Pablo Toucet ne kuwa ya fara riƙe shi. Gaskiya ɗaya ce, an yi abin kirki a can: fili ne buɗaɗɗe, talaka yana shiga ba tare da jin tsoro ba, maƙera da masaƙa da dukawa suna aikinsu a gaban jama'a, can ne kuma aka ajiye itacen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973. Wannan abin koyi ne. Amma ko a can an gina gidajen gargajiya kowace ƙabila da nata, watau ragowar wancan tsohon tunani. Ban da haka, mutum nawa ne daga Tarka ko Tanhiya za su iya biyan kuɗin mota zuwa Yamai don kallo? Ko gidan tarihin da ke Damagaram, kusan kilomita 150 ne daga Tanut.

Laifinmu na biyu ya fi wannan muni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Bura, cikin jihar Tillaberi, an gano tsofaffin tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, masaninmu Bube Gado ya yi haƙa a wurin a 1983. Da aka nuna kayan a Paris a 1993, sai ƴan kasuwar kayan tarihi suka buɗe ido, aka shiga tone kaburbura ana sayarwa, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake hana saye a 2000. Su wa suka riƙe diga da shebur? Ƴan ƙasa ne, talauci ya tura su. Haka nan dillali yake zagayawa ƙauyuka da ruga bayan kowane fari, ya sayi takobin kaka da kuɗin da bai kai buhun gero ba. Ƙasarmu tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma doka a cikin takarda ba ta tsare ƙofar kowa in mai ƙofar bai san darajar abin da ke ciki ba.

GIDAN DA MUKE NEMA

Saboda haka muna kira a gina gidan tarihin Damargu a Tanut, da reshe a Belbeji, kuma mu ne za mu faɗi yadda za a shirya shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ga sharuɗɗanmu:

1. Gini. A yi shi da ƙasa, da kauri, da zaure da tsakar gida da rumfa, yadda maginanmu suka iya. Haske ya shigo ta sama da ta gefe, kada rana ta bugi fata ko tufa kai tsaye, gama tana cinye launi. Kada a gina mana akwatin siminti wanda ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyi, ranar da wuta ta ɗauke a rufe ƙofa. A ɗaga kaya daga ƙasa saboda gara, kamar yadda manomi yake ɗora rumbunsa bisa duwatsu.

2. Tsari. A kafa rumbu na gaske a tsakiyar gidan. Daga nan mai kallo ya bi hanyar gero: gona da hauyar tsaye, masussuka, kasuwa da tiya, ayari da sirdi da salka da kantun gishiri, rijiya da guga da wasaki. A kowane zango zai tarar da Badagire da Bahaushe da Ba'abzine da Bafillace da Balarabe wuri ɗaya, yadda suke a zahiri. Ba mu yarda da akwatin ƙabila ba.

3. Suna. Kowane abu a amsa masa tambaya huɗu: wa ya yi shi, a wane gari, a zamanin wa, ta yaya ya zo nan? In an bincika ba a sami sunan ba, a rubuta cewa sunan ya ɓace, domin mai kallo ya san akwai mutum a bayan abin.

4. Harshe. A 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, a rubuta da ita, da boko da ajami. A rubuta da Tamashek da haruffan tifinar, da Barbarci, da Fillanci, sa'an nan Faransanci ya biyo baya domin baƙi. Tun da yake da yawa daga iyayenmu ba su karatun boko, a ɗauki muryar tsofaffi a na'ura, a kuma sa wa dattijo tabarma a zaure ranar kasuwa ya ba da labari da bakinsa.

5. Hannu. Maƙera da dukawa da masassaƙa da masu saƙar tabarma su sami rumfarsu a cikin gidan, su yi aiki, su sayar, su koya wa yara. Abin da ya tsufa ƙwarai a rufe shi cikin gilashi, amma a ajiye sabon irinsa a gefe yadda yaro zai taɓa, makaho ma ya shafa.

6. Amana. Ba za a ƙwace kayan kowa ba. Mai abu ya kawo shi ajiya, a ba shi takardar shaida, sunan gidansu ya zauna a jiki. In tambari ne ko takobi da ake bukata ranar Salla ko ranar naɗi, ya zo ya ɗauka ya mayar. Ba a farke laya don a ga abin da ke ciki, ba a tone kabari, ba a nuna abin da masu shi suka ce sirri ne.

7. Gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ware ɗaki domin abin da ba shi da daɗin ji: harin da aka riƙa kai wa ƙauyuka, bayin da suka noma geron da ayari ya ɗauka, aikin tilas na zamanin Nasara wanda ba a soke shi ba sai 1946, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, farin 1973 da na 1984. Kawusan, wanda aka haifa a Damargu, ya kuma kewaye Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, a ba da labarinsa cikakke, da jaruntakar da kuma wahalar da talakawa suka sha a lokacin. Gidan da zai yabi masu sarauta kaɗai ya manta da wanda aka ɗaure, ba mu bukatarsa. Ƙasarmu ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a dokar 2003. Jikokin waɗanda aka bautar su ma su zauna a kwamitin da zai rubuta bayanin wannan ɗaki.

8. Duniya. Mu ma muna so mu kalli wasu. A yi ɗakin baƙi: kayan Tarabulus da na Kano da na Makka da suka zo mana ta ayari, da labarin yadda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya karya cinikin hamada. A kawo garmar manomin Faransa da takalminsa na katako a ajiye kusa da hauyarmu. Mu kuwa za mu rubuta sunansa da na ƙauyensu, mu sa shi a haske, domin mu nuna yadda ake karɓar baƙo.

AMSA GA MASU MUSU

Masu cewa ciki ya fi tarihi, mun ji. Ba mu ce a rufe asibiti a gina muze ba. Amma ɗaki huɗu na ƙasa da rumfa ba su ne za su talauta gunduma ba. Tun 2011 matatar man fetur ta SORAZ take aiki a ƙasar Olelewa, cikin gundumar Tanut. Ƙasar da ake tace mai a cikinta ba za a ce ta kasa gina zaure domin kakanninta ba. Kuma gidan da baduku zai sayar da jaka a cikinsa, ai shi ma maganar ciki ce.

Masu cewa ba mu iya ajiya ba, muna tambayarsu: wa ya ajiye kayan kafin a zo a ɗauka? Littattafan malamanmu da suka shekara ɗari cikin gafaka, Bature ne ya tsare su? Mutanen da suka iya ajiye gero shekara da shekaru a rumbu saboda ranar fari, su ne za a koya wa tattali? Abin da ba mu sani ba na maganin ƙwari da gyaran tsohuwar fata, a tura ƴaƴanmu su koyo. Ga jami'ar Damagaram nan mai sunan André Salifou, wanda ya rubuta tarihin Damagaram a 1971 da na Kawusan a 1973.

Masu cewa kayan suna can ne domin duniya duka ta gani, kamar yadda shugabannin wasu manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka suka sa hannu a wata sanarwa a 2002, sai mu ce: mu ba ƴan duniya ba ne? Wace duniya ce wannan wadda mai kayan ba ya shigarta sai da biza da kuɗin jirgi? Ba mu ƙi a ga aikin hannunmu a Paris ko a Balin ba, abin alfahari ne. Amma a gan shi da izininmu, da sunanmu, bisa aro mai wa'adi. Abin da aka saya da yardar mai shi daban, abin da aka ɗauka da bakin bindiga daban. Matakin farko shi ne a ba mu cikakken lissafi da hotunan duk abin da ya fito daga Damargu.

AIKIN DA KE GABAN KOWANE RESHE

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin taro mai zuwa, muna so kowane reshe ya yi waɗannan:

Na ɗaya, sakatare ya sami littafi guda, ya bi gida gida da sallama da ladabi, ya rubuta tsofaffin kayan da ke garin, da sunan wanda ya yi su, da labarinsu. Kada ya ɗauki ko allura. Littafin ya zauna a hannun reshe, kada a nuna wa dillali.

Na biyu, samari masu waya su zauna gaban tsofaffi, maza da mata, su ɗauki muryarsu da izininsu: sunayen rijiyoyi, zangunan ayari, shekarun yunwa, yadda aka kafa gari. Kada a tsaya a ƙofar masu sarauta kaɗai.

Na uku, mata ƴan jam'iyya su shiga cikin gidaje, gama yawancin aikin ƙwarya da faifai da tabarma, da na fata a wajen Abzinawa, a hannun mata yake, su ne kuma suka san wadda ta koya wa wadda.

Na huɗu, a yi shela ranar kasuwa cewa kada kowa ya sayar da kayan gado ga mai yawo. Wanda bukata ta matsa wa ya fara zuwa wurin reshe a yi shawara.

Na biyar, a tara sa hannu da dangwale, a kai wa hukumomin Tanut da na Belbeji da masu sarautun gargajiya takardar neman fili. A gaya musu a fili cewa duk kwamitin da za a kafa, sai da masu sana'a da makiyaya da mata da malamai a ciki, kuma ba za a fara zanen gini ba sai an ji ta bakinsu.

Ƴan'uwa, kowace shekara tsofaffinmu suna tafiya da abin da ke kansu, dillali kuma bai daina zagaye ba. In muka yi sanyin jiki, wata rana wani zai zo daga nesa da kuɗinsa da zanensa ya gina mana gida, ya jera mu yadda ya so, sa'an nan mu yi ihu bayan hari. Zanen aro ba ya rufe katara. Mu tashi mu shirya ɗakinmu da hannunmu tun masu labarin suna da rai.

Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Rassa su aiko da amsarsu ta hannun sakatare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa kanmu. Amin.